Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumar Taekwondo Ta Duniya Kan Makomar 'Yan Kilo 53

Zuwa ga Shugaban Hukumar Taekwondo ta Duniya da 'yan majalisar gudanarwarta, birnin Seoul, Koriya ta Kudu.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, na rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na mai koyar da taekwondo a wata ƙaramar makarantar horo a ƙasar Hausa, da yawun masu horarwa irina da kuma iyayen da suka damƙa mana amanar 'ya'yansu. Ba mu da kujera a majalisarku, ba kuma a neman shawararmu ranar da ake zartar da doka, amma mu ne muke tsaye a gefen sikeli ranar awo, mu ne kuma muke amsa tambayar iyaye idan yaro ya dawo gida a rame. Dalilin rubutun shi ne shirin wasannin Olamfik na Los Angeles na shekarar 2028 ya sake fitowa da aji huɗu na maza da aji huɗu na mata, kamar yadda ake yi tun da taekwondo ya zama cikakken wasan Olamfik a Sydney a shekarar 2000, alhali gasarku ta duniya aji takwas-takwas take da shi.

Zan kafa hujjata da labarin wata yarinya 'yar ƙasar Latbiya mai suna Inese Tarvida, wadda ba dangin iya ba na baba tsakanina da ita, kuma ban taɓa magana da ita ba. Na san sunanta ne a watan Yunin 2017, lokacin da dukkanmu muka zuba ido a kan gasar duniya da aka yi a Muju ta Koriya ta Kudu saboda Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar, wanda ya ciyo azurfa a wasannin Olamfik na Rio a shekarar 2016, ya kuma zama zakaran duniya na ajin sama da kilo 87 a wannan gasa ta Muju. A cikin jerin waɗanda suka hau dandamalin karɓar lamba a makon nan akwai wannan yarinya, haifaffiyar 1998, wadda ta ci tagulla a ajin mata na kilo 53 tana da shekara 18. Ƙasarta ƙarama ce a bakin tekun Baltik, mutanenta ba su cika miliyan 2 ba, kuma an fi saninta da ƙwallon kwando da wasannin ƙanƙara, ba da wasan ƙafa irin namu ba. A watan Mayun 2019 aka koma gasar duniya a Manchester, ta sake hawa dandamali da tagulla ta biyu a ajin nan na kilo 53. Duk wanda ya taɓa kai yaro gasa ya san lamba ɗaya tana iya zuwa da sa'ar ƙuri'a, amma lamba biyu a jere a gasar duniya shaida ce ta cewa mutum yana cikin zaƙaƙuran duniya a ajinsa. Duk da haka, da aka fito da sunayen waɗanda za su fafata a wasannin Olamfik na Tokyo, babu nata.

Kukanmu na farko shi ne ajin da ta yi fice a cikinsa ba shi da wurin zama a Olamfik. A gasar duniya mata suna fafatawa a kilo 46, 49, 53, 57, 62, 67, 73 da sama da 73, amma a Olamfik saura huɗu ne kawai, wato 49, 57, 67 da sama da 67. Ke nan yarinyar da Allah ya yi jikinta ya tsaya a kilo 53 hanya biyu ce gabanta, ko ta zubar da kilo huɗu daga jikin da dama babu kitse a cikinsa, ko ta hau ta kara da waɗanda suka fi ta tsawo da nauyi. Kada a ɗauka wannan matsalar mutum ɗaya ce. A Muju Zeliha Ağrıs ta Turkiyya ce ta ci zinare a ajin, Tatiana Kudashova ta Rasha ta ci azurfa, Dinorahon Mamadibragimova ta Uzbekistan da Tarvida suka ci tagulla. A Manchester kuwa Phannapa Harnsujin ta Tailan ce ta ci zinare, Kudashova ta sake cin azurfa, Aaliyah Powell ta Birtaniya da Tarvida suka ci tagulla. Mata shida ke nan suka raba lambobi takwas a tsakaninsu, kuma a cikinsu guda ɗaya tak ce ta taka filin Tokyo. Zakarun duniya biyu na ajin ba su je ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin Kudashova, wadda ta je Tokyo da sunan Tatiana Minina, ta hau kilo 57 har ta ciyo azurfa, sai a ce ai ga shaida nan cewa hanya a buɗe take ga mai himma. Ban raina bajintarta ba, kuma gaskiya ne cewa wasu daga cikin sauran biyar ɗin 'yan ƙasarsu ne suka tare musu gaba, tunda ƙasa ba ta aika mutum biyu a aji ɗaya, ga Panipak Wongpattanakit a kilo 49 a Tailan, ga Jade Jones a kilo 57 a Birtaniya. Sai dai wannan ma ɗiyan matsalar ne, domin da ajin kilo 53 yana nan da babu wadda za ta tsaya layi a bayan 'yar'uwarta. Sannan sauya aji aiki ne na shekaru da ke buƙatar likita, da masanin abinci, da abokan atisaye masu tsawo da nauyin sabon ajin, waɗanda za a yi ta gwabzawa da su kullum har jiki ya saba. Ƙasa mai ɗaruruwan 'yan wasa tana da waɗannan duka a zaure ɗaya. Ƙasar da gwanayenta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba sai ta nemi abokin atisaye a ƙetare, ta biya kuɗin jirgi da masauki kafin a ce an fara.

Kuka na biyu ya shafi lafiya, kuma a nan ne na fi so ku tsaya ku saurare mu. Kun yi abin a yaba da kuka kawo awon bazata da ake yi da safiyar ranar gasa, wanda ya hana ɗan wasa ya wuce iyakar ajinsa da fiye da kashi 5 cikin 100. Dokar ta rage mugun halin nan na busar da jiki a daren awo a kuma cika shi washegari. Amma ku duba abin da lissafinta yake nufi ga 'yar kilo 53. Idan ta sauka zuwa 49, dole ta wayi gari ranar gasa ba ta haura kilo 51.45 ba, wato ba ta da damar komawa ainihin jikinta ko da an gama awon farko. Idan ta hau 57, doka ta yarda abokiyar karawarta ta shigo fili da nauyin da ya kai kilo 59.85, tazarar kusan kilo bakwai ke nan, kuma yawanci tare da ita akwai tazarar tsawo. A taekwondon yau, inda bugun kai yake kawo maki uku, bugun juyi zuwa kai kuma ya fi haka, mai doguwar ƙafa tana iya tsayawa daga nesa tana taɓa hular abokiyarta da ƙafar gaba, ita kuwa gajeriyar ba ta ko kai ga sulke ba.

Na ga wannan a gabana. Akwai wata ɗalibata da jikinta ya tsaya tsakanin kilo 53 da 54, yarinya mai saurin ƙafa da sanyin kai a fili. Da aka sanar cewa za a yi wani zaɓen 'yan wasa a kan azuzuwan Olamfik kaɗai, sai ta kama hanyar da ta ji manya suna bi ba tare da ta faɗa wa kowa ba. Takan saka rigar leda a ƙarƙashin kayan atisaye ta yi gudu da tsakar rana, tana yawo da gorar roba tana tofar da miyau a ciki, ruwa kuwa sai dai ta kurkure baki ta zubar. Leɓenta ne ya fara tona ta, domin ya tsattsage ya yi fari, sannan ƙafar da take ɗagawa sama da kanta ba wahala ta koma tana tsayawa a ƙirji. Mahaifiyarta ta same ni bayan atisaye ta ce, "Malam, wannan wasa kuke koya musu ko azumin dole?" Muka hana ta, muka saka ta a kilo 57, ta haɗu da wadda ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba, aka fitar da ita a karon farko. Ba ta yi shekara ba bayan nan ta ajiye ɗamararta. Kwamitin Olamfik na Duniya da kansa ya fitar da takardar matsaya a shekarar 2014 a kan illar ƙarancin abinci ga 'yan wasa, inda aka yi bayanin rikicewar al'adar mata da raunin ƙashi da saurin samun rauni. Abin mamaki ne a ce gidan da ya rubuta wannan gargaɗi shi ne kuma yake riƙe da tsarin da ke tura yara mata su zubar da kilo huɗu a shekarun da ƙashinsu yake ginuwa.

Maza ma ba su tsira ba, don tsakanin kilo 68 da 80 akwai tazarar kilo 12, kuma ɗan kilo 74 yana tsakiyarta. Haka 'yar kilo 62. Ruth Gbagbi ta Kwaddibuwa, wadda ta zama zakarar duniya a kilo 62 a Muju, sai da ta hau kilo 67 ta samo tagullarta ta Rio da ta Tokyo.

Kuka na uku shi ne yadda ake tara makin shiga Olamfik. A zangon da ya kai mu Tokyo, mutum biyar na saman jadawalin kowane aji ne suka samu gurbi kai tsaye, aka ba da gurbi ɗaya ta gasar Grand Slam da ake yi a Wuxi ta ƙasar Sin, sauran kuma suka jira gasar neman gurbi ta nahiyoyi. Na yarda cewa makin da aka ci a gasar duniya a kilo 53 ana lissafa shi a jadawalin Olamfik, don haka ba za a ce an zubar da gumin Tarvida baki ɗaya ba. Amma gasar duniya sau ɗaya take zuwa a shekara biyu, makin kuma a wancan zango yakan zagwanye da kashi 25 cikin 100 duk shekara. Inda ake ɗibar maki mai kauri a kai a kai shi ne gasannin Grand Prix da kuka fara a Manchester a shekarar 2013, waɗanda ake gayyatar na saman jadawali kawai, kuma a kan azuzuwan Olamfik kaɗai ake yin su. A wancan zango wanda ya lashe Grand Prix ɗaya yakan tashi da maki 40, yayin da ƙaramar buɗaɗɗiyar gasa take ba da maki 10, sannan aka iyakance yawan abin da mutum zai iya tarawa daga ƙananan gasannin a shekara. Sakamakon shi ne wanda yake sama ana gayyatarsa ya ƙara maki, ƙarin makin ya sa a sake gayyatarsa, na ƙasa kuwa yana zagaya ƙasashe da kuɗin aljihunsa yana tsintar goma-goma. 'Yar kilo 53 ko an gayyace ta, a ajin wasu za ta shiga, kullum tana baƙuwa. Gasar Grand Prix Challenge da kuka ɓullo da ita a Muju a shekarar 2022 domin na ƙasan jadawali mataki ne mai kyau, sai dai ita ma a kan azuzuwan nan huɗu aka gina ta.

A nan kukan Latbiya da namu suke haɗuwa, ko da yake nasu ya fi namu sauƙi ta wani gefen. Ɗan wasan Riga, babban birnin Latbiya, yana hawa jirgi ya sauka a Jamus ko Holan ko Beljiyam ba tare da ya nemi biza ba, ya yi gasarsa ya koma gida. Namu yaron sai ya nemi takardar gayyata, ya yi layi a ofishin jakadanci, wani lokaci izinin ya fito bayan an tashi daga gasar. Amma tushen damuwar ɗaya ne, wato jadawalinku yana auna aljihun hukumar ƙasa kusan yadda yake auna ƙafar ɗan wasa.

Kuka na huɗu gajere ne. Wanda bai shiga ta jadawali ba sai ya dogara da gasar nahiya, inda a zangon Tokyo da na Paris aka ba da gurbi biyu kacal a kowane aji ga Turai, biyu ga Afirka, biyu ga Asiya, biyu ga nahiyar Amurka, ɗaya ga yankin Oshiyaniya. Turai tana da ƙasashe kusan hamsin, kuma cike take da gwanaye, don haka aikin shekara huɗu yakan rataya a kan yini ɗaya, inda ciwon idon sahu ko hukuncin gam-jeom guda, wato horon da alƙali yake yi wa wanda ya saɓa doka, a daƙiƙar ƙarshe zai iya rufe ƙofa har wata shekara huɗu. Rayuwar ɗan taekwondo a fili ba ta da tsawon da za ta jure irin wannan jira sau da yawa.

Akwai kuma batun kayan lantarki. Tun wasannin London na 2012 sulke mai na'ura ne yake ƙirga bugun jiki, a Rio kuma aka ƙara da hular kai. Wannan ya rage zargin son kai da ake yi wa alƙalai, kuma babu mai neman a koma baya. Amma kowane kamfani, Daedo ko KP&P, da irin bugun da na'urarsa ta fi karɓa, kuma ɗan wasan da bai yi atisaye da ita ba sai ya shiga fili ya ga yana duka da ƙarfi allo bai motsa ba. Makarantu da dama a wajenmu safar na'urar kaɗai yara suke iya saya, sulken kuwa sai ranar gasa suke ganinsa.

Ranku ya daɗe, na san cewa ba ku kaɗai kuke yanke yawan azuzuwan Olamfik ba, kuma na san Kwamitin Olamfik yana riƙe da iyakar 'yan wasa 10,500, yana ƙyashin ƙara ko mutum ɗaya. Amma wasu wasannin sun nema sun samu. Judo yana da aji bakwai na maza da bakwai na mata, daidai da na gasarsa ta duniya, har da gasar haɗaka ta maza da mata da aka ƙara masa tun Tokyo. Kokawa tana da aji shida a kowane salo. Damben mata ya fara da aji uku a London a 2012, ya kai biyar a Tokyo, ya kai shida a Paris a 2024. Taekwondo kuwa, da yake alfahari da ƙasashe mambobi sama da 200, kuma yana cikin wasannin da suka fi bai wa ƙananan ƙasashe damar cin lamba, yana nan a aji huɗu shekara ashirin da ɗoriya. Azurfar Alfaga ita ce lambar Olamfik ta biyu a tarihin Nijar bayan tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich a 1972, kuma zinaren Cheick Sallah Cissé a Rio shi ne na farko ga Kwaddibuwa. Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannunku, ba mu ga kun yi ciniki da ita yadda ya kamata ba.

Saboda haka muna roƙonku da ku gabatar wa Kwamitin Olamfik buƙatar ƙarin aji a rubuce tun yanzu, domin a cim ma wasannin Brisbane na 2032, tunda na Los Angeles ya riga ya wuce mu. Ba lallai sai an ƙara yawan mutane ba. Guraben taekwondo 128 ne, ana raba su 16 a kowane aji, kuma idan aka yi aji biyar-biyar aka sa mutum 12 ko 13 a kowanne, jimillar ba za ta yi nisa da wadda ake da ita ba. Ko a wasannin Olamfik na matasa aji biyar-biyar aka yi amfani da su, don haka ba sabon abu ba ne a gidan. Idan aka sake yanka iyakokin yadda tazarar da ke tsakanin 49 da 57, da wadda ke tsakanin 68 da 80, za ta ragu, an magance rabin abin da na lissafa a sama.

Kafin wannan ya tabbata, akwai abin da yake hannunku ku kaɗai, ba sai kun nemi izinin kowa ba. Muna roƙo a riƙa gudanar da aƙalla Grand Prix ɗaya a shekara a kan dukkan azuzuwa takwas, da cikakken maki da cikakken ladan kuɗi, domin zakaran kilo 53 ko 62 ko 74 ya samu inda zai nuna kansa a jikinsa na gaskiya, masu ɗaukar nauyi a ƙasarsa su kuma samu dalilin ci gaba da riƙe shi. Muna roƙo duk wanda ya ci lamba a gasar duniya, daga ƙasar da hukumarta ba ta da ƙarfi, a ware masa tallafin tafiye-tafiye da na zaman atisaye a sansanin wata ƙasa har zuwa Olamfik mai zuwa, a bayyana sharuɗɗan tallafin da sunayen waɗanda suka samu, kada ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Taekwondowon, babban sansanin taekwondo da ke Muju, yana da filaye da masauki, kuma babu wurin da ya fi shi dacewa da irin wannan zama.

Game da yara 'yan ƙasa da shekara 18, muna roƙo ku wajabta gwajin ruwan jiki a wurin awo, ku kuma sa likita ya tantance mafi ƙanƙantar ajin da kowane yaro zai iya shiga a farkon shekara, yadda mai horarwa ko hukumar ƙasa ba za su iya tura shi ƙasa da nan ba. Ku umarci hukumomin ƙasashe su daina yin zaɓen matasa a kan azuzuwan Olamfik kaɗai. Ku kuma tattara bayanan waɗanda suka faɗi awo da waɗanda suka sauya aji a gasanninku, ku wallafa su duk shekara, domin a daina muhawarar nan da ji-ta-ji-ta. A batun sulke, muna roƙo ku sa sharaɗi a yarjejeniyarku da kamfanonin da kuka amince da su cewa za su ba kowace ƙaramar hukuma aron cikakken kaya na atisaye, kuma a sanar da irin na'urar da za a yi amfani da ita a babbar gasa tun da wuri.

Idan kuwa kun riga kun nemi ƙarin aji an hana ku, muna roƙo ku fito ku faɗi abin da kuka nema, da lokacin da kuka nema, da amsar da aka ba ku, domin mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ta hanyar kwamitocin Olamfik na ƙasashenmu. Muna sauraron amsarku a rubuce.

Ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai horar da taekwondo, a madadin abokan aikinsa da iyayen ɗalibansu.